Yaron da ka sa nildawun shi ya gane darasin

Assalamu alaikum Baba Malam, don Allah a sakaya sunana. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a ƙasar Sakkwato, shekarata biyu da fara aiki, kuma abin da na karanta a NCE ikonomiks ne da soshiyal, amma da malamin jogurafi ya yi ritaya ba a kawo wani ba sai firinsifal yace ni zan riƙe 'yan SS2, ban iya musa masa ba. Kullum da daddare nake haddace abin da zan koyar gobe. Sati uku da suka wuce ina koyar da yadda koguna suke shimfiɗuwa a ƙasa, na rubuta "dendritic" a allo na karanto musu ma'anar yadda take a littafi, sai wani yaro ya ɗaga hannu yace Malam ai jiya malamin bayoloji yace "dendrite" a ƙwaƙwalwa take, ya aka yi yau ta koma kogi, ko kalma ɗaya ce? Wallahi ban sani ba, amma na ji nauyin in ce ban sani ba, sai nace masa babu abin da ya haɗa su, tamu daga "drain" ta fito wato magudanar ruwa. Yace to Malam ai rubutun iri ɗaya ne, aji ya fashe da dariya, raina ya ɓaci na fitar da shi nildawun a rana har aka kaɗa ƙararrawa. Washegari a sitaf rum malamin bayolojin nan a gaban kowa har da malamai mata yace ashe mun samu mai ƙirƙiro sabon Turanci a makarantar nan. Yanzu in na wuce sai in ji yara suna "Malam Dandiri" ƙasa-ƙasa. Na daina gaisawa da malamin, yaron ya daina ɗaga hannu, ni kuma na fara bin hanyar taransifa. Don Allah me kalmar nan take nufi da gaske, ya ake amfani da ita, kuma in kai ƙarar malamin wajen firinsifal ne ko in bar musu makarantar kawai?

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da kalmar, don in ba ta zauna maka daram a ka ba, duk abin da zan ce maka game da komawa ajin nan ba za ka iya yi ba, kana zuwa bakin ƙofa ƙafarka za ta fara rawa.

Yaron nan gaskiya ya faɗa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukkansu daga Girkanci suka fito, a can "dendron" bishiya ce, shi kenan fa, bishiya. "Dendrite" suna ne, sunan wani abu da ya yi rassa kamar bishiya, ita kuma "dendritic" sifa ce, wato mai kama da bishiya wajen rassa, irin yadda kake da "economy" da "economic" a fanninka, ɗaya suna ɗaya sifa. Babu ruwanta da "drain" ko kaɗan, haruffan ne kawai suka ɗan yi kama suka ruɗe ka a lokacin da kake neman mafita. Wajen faɗa kuma, sunan ana danna farkonsa ne, DEN-dirayit, sifar kuma tsakiyarta ake dannawa, den-DIRI-tik, kaga ma "rayit" ɗin ya koma "ri", wannan kaɗai in ka faɗa daidai a aji yara za su ji ka san inda ka dosa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kalmar nan ba sunan kogi ba ce, ba kuma sunan ƙwaƙwalwa ba, siffa take nunawa, kamanni. Kamar mu ce abu "mai kusurwa uku", ai zai iya zama laya, zai iya zama samosa, zai iya zama alamar gefen titi, babu mai cewa sun yi karo da juna. To haka take. Duk inda aka ga gindi ɗaya ya rabu manyan rassa, manyan suka rabu ƙanana, ƙananan suka sake rabuwa har aka kai tsinke-tsinke, ba bisa layi ba, ba a jere kamar sojoji ba, to masu kimiyya za su liƙa masa wannan kalmar. Kuma ba ka rasa inda za ka nuna wa yara wannan hoton ba, in rani ne ga kuka nan tsirara babu ganye ko ɗaya, in damina ce ga gawo, shi da sai ruwa ya sauka yake kakkaɓe ganyensa. Ka tsaya ƙarƙashi ka ɗaga kai sama, abin da idonka ya gani tsakaninka da sararin samaniya shi ne ma'anar, ba wancan dogon Turancin da ka haddace ba.

Yanzu ka juyo da hoton nan ka shimfiɗa shi a ƙasa, ka samu kogi. Kai da kake ƙasar Sakkwato ma ai a bakin ƙofarka misalin yake. Ɗauki taswira ka sa yatsa a kan kogin Neja a ƙasar Kabi, ka hauro ta gulbin da ya biyo ta Birnin Kabi da Argungu, wannan shi ne gindin bishiyar. Kana haurowa za ka ga gulbin Ka ya shigo, gulbin Zamfara ya shigo, a wajen birnin Sakkwato kuma abin ya rabu biyu, ɗaya gulbin Sakkwato da ya taso daga wajen Funtuwa ya biyo ta Gusau da Bakolori, ɗaya kuma Rima da ya biyo ta Goronyo, shi ma Riman in ka bi shi sama za ka tarar Gagare da Bunsuru da gulbin Maraɗi ne suka haɗa shi, wannan na Maraɗin ma daga ƙasar Katsina ya taso ya shiga Nijar ya yi zagayensa ya dawo. Kowanne cikinsu yana da rafukansa, kowane rafi da ƙoramunsa, kowace ƙorama da 'yan kwazazzaban da ruwan sama ya haƙa a bayan gonar wani. Ka zana wannan a allo da alli ba tare da ka rubuta sunan komai ba ka tambayi aji me na zana, wallahi za su ce maka bishiya, daga nan sai ka fara rubuta sunayen gulaben ɗaya bayan ɗaya, za ka ga bakinsu ya buɗe don wasunsu a gulaben nan suka koyi iyo.

Kuma akwai dalilin da ya sa kogi yake yin haka, shi ne abin da masu WAEC suka fi so ka sani. In dutsen da ke ƙarƙashin yanki iri ɗaya ne, taurinsa ɗaya ko'ina, babu inda ya fi wani laushi ballantana ruwa ya ce nan zan bi, to ruwan gangara kawai yake bi, ƙananan su riƙa shiga manyan a karkace, da 'yar matsattsiyar kusurwa mai nuna inda ruwan ya nufa, kamar yadda reshe yake fita daga jikin icce. In kuwa dutse mai tauri da mai laushi ne suka jeru layi-layi, sai ruwan ya bi masu laushin, rafukan su riƙa haɗuwa a miƙe kamar mahaɗar titunan sabuwar unguwa, wannan shi ne "trellis", asalinta sunan irin dangar nan ce da ake saƙawa da itatuwa a gicciye don inabi ko wata mai yaɗo ta hau. In daga kan tudu guda ruwa yake watsuwa ko ta ina kamar sifok ɗin keke, "radial" kenan, misalinmu tsaunin Jos da kogin Kaduna da Gongola da wasu suke gangarowa daga kansa. In kuma kowa cikin kwari ɗaya yake zubawa, ka tuna tafkin Chadi da Shari da Yobe. Kaga kowanne suna hoto ne, in ka riƙe hoton ba sai ka yi hadda ba.

To mu dawo kan yaronka da ƙwaƙwalwarsa. Ƙwayoyin halittar da ke ɗaukar saƙo a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi kowacce tana da ɗan jiki a tsakiya, da wata doguwar igiya guda mai fitar da saƙo, sannan da 'yan rassa birjik masu karɓar saƙo daga maƙwabta su shigo da shi ciki. Waɗannan rassan su ne "dendrites". An daɗe ba a iya ganinsu sosai ba sai da wani likita ɗan Italiya Camillo Golgi ya gano a 1873 yadda za a rina su da sinadarin azurfa su fito baƙi wuluk a ƙarƙashin madubin bincike, sai wani ɗan Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya ɗauki dabarar ya zauna yana zana abin da yake gani da hannunsa, su biyun aka raba wa kyautar Nobel a 1906. Sunan kuma wani masanin sassan jiki ɗan Suwizalan, Wilhelm His, shi ya raɗa musu wajen 1889. In kana da ɗan data ka nemi zanen Cajal na ƙwayar da ake kira Purkinje ka nuna wa yara a wayarka, ni duk lokacin da na kalle shi kukar bakin kasuwar garinmu nake tunawa, babu abin da ya raba su.

Ga kuma wani abu da ya sa nace yaron nan ya fi ƙarfin nildawun. Bishiya daga gindi take tasowa ta watsu sama. Amma kogi ba haka yake tafiya ba, ruwansa daga tsinken rassa yake tarowa ya gangaro gindi, ɗigo-ɗigo daga gonaki dubu har ya zama gulbi guda. Rassan ƙwayar ƙwaƙwalwa ma haka suke, tattarowa suke yi daga wurare da yawa su kawo wuri ɗaya. Wato abubuwan nan biyu da ya haɗa a ransa ba a rubutu kaɗai suka yi kama ba, ba a siffa kaɗai ba, har a aikin da suke yi, duka biyun masu tara abu ne daga fili mai faɗi su kai shi ƙofa ɗaya. Yaro ɗan SS2 ya ji kalma jiya a wani aji, ya ji 'yar uwarta yau a wani, ya ƙi yarda a raba masa su. Na yi shekaru ina koyarwa kafin in ajiye alli, irin wannan yaron a aji na mutum saba'in ko tamanin in ka samu biyu ka gode Allah.

Kalmar ba a nan ta tsaya ba, kuma gara ka sani don kar gobe wani ya sake kawo maka ita ta wata ƙofa. A garkuwar jiki akwai wasu ƙwayoyi da ake kira "dendritic cells", su ba na ƙwaƙwalwa ba ne sam, aikinsu su kamo ɓurɓushin ƙwayar cuta su kai wa sauran dakarun jiki su gane abokin gaba, an sa musu sunan ne kawai don suna miƙa 'yan hannuwa kamar rassa. Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka bayyana su a 1973 a jami'ar Rockefeller da ke Amurka, kuma Steinman ɗin an sanar da ba shi Nobel a 2011 kwana uku bayan ya rasu, masu ba da kyautar ba su ma san ya cika ba. Masu duwatsu su ma suna da tasu, wani zane baƙi ne da sinadarin manganis yake yi a tsagar dutse, in ka gani za ka rantse wani ɗan tsiro ne ya maƙale ya bushe a ciki alhali babu tsiron da ya taɓa shiga wurin. Masu batirin waya kuma tsoronta suke ji, don a cikin batir na litiyam wani lokaci ƙarfen yakan tsiro 'yan ƙayoyi masu rassa su huda abin da ya raba ɓangarorin biyu, wuta ta haɗu, batir ya yi zafi ko ya kama da wuta.

Wadda ba na mantawa ita ce ta ido. Wani ɗan ƙanwata idonsa ɗaya ya yi ja yana hawaye ba ya son haske, aka je wani kemis aka sayo masa maganin ɗigawa, kwana biyu ya ji dama-dama daga nan abu ya dawo ya fi na da. Da muka kai shi asibitin ido likitar ta taɓa masa wani rini ruwan ɗorawa a idon, ta kashe fitilar ɗakin ta haska shuɗiyar fitila, sai tace Baba zo ka gani. Na sa ido a na'urar, a kan baƙin idon yaron nan ga wani ɗan reshe kore shar yana ƙyalli, da 'yan rassansa uku ko huɗu, kowanne da ɗan kumburi a bakinsa, ƙarami ƙwarai amma bishiya sak. Tace wannan shi ne "dendritic ulcer", gyambo ne da bairos ɗin hafis yake yi, wanda yake fito wa mutum da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, kuma maganin da aka sayo masa akwai sitiroyid a ciki, shi ya ƙara wa cutar ƙarfi. Da ganin siffar kawai ta gane cutar. Allah Ya sa an zo da wuri ya warke, amma tun ranar ba na barin kowa a gidana ya ɗiga abu a ido ba likita ya gani ba, kai ma in ka zo nan a darasinka ka faɗa wa yara, wata rana zai yi wa wani amfani.

Wajen amfani da ita kuwa abu biyu zuwa uku ne. Sifa ce, don haka tana son suna a bayanta, a ce "dendritic pattern" ko "dendritic drainage", kar yaro ya rubuta maka "the river is a dendritic" ya tsaya, jimlar ba ta cika ba. Sannan ba a cika kiran bishiyar kanta da ita ba, ai ba ka cewa zuma tana da zaƙi kamar zuma, ana ajiye ta ne don abin da ba bishiya ba amma ya ɗauko kamanninta. Kuma kalmar aji ce da asibiti da ɗakin bincike, Bature a hirarsa ta yau da kullum "branching" zai ce ya wuce, in ka tsaya a tasha kana ce wa mutum hanyar nan dendiritik ce kallonka kawai zai yi.

Tana da 'yan uwa da suke rikita mutane. Akwai "bifurcation", wannan daga Latin take, "bi" biyu, "furca" kuma gwafa, wato rabuwa gida biyu cak, sau ɗaya a wuri ɗaya. Mararraba kenan. Maƙogwaron iska da ya gangaro ƙirji ya rabu biyu ɗaya huhun dama ɗaya na hagu, wannan wurin rabuwar shi ne ita, amma in ka kalli dukkan bututun huhun da suka yi ta rabuwa sama da sau ashirin, to ka koma bishiya. Misalin da ya fi kowanne a wajenmu goruba ce, dubi giginya ta miƙe sambal ba reshe, dabino ma haka, amma goruba ta tashi ta rabu biyu, kowanne ya sake rabuwa biyu, duk rabuwa ɗaya "bifurcation" ɗaya ce. Kar kuma yara su ce maka abin da ya faru a Lakwaja kenan, a'a, can haɗuwa aka yi, Neja da Binuwai suka zama ɗaya, shi ya sa ake wa jihar Kogi kirari da "Confluence State". Rabuwar tana can ƙasa bayan Anaca, inda Neja ya tsage ya zama Forcados da Nun ya ci gaba da tsagewa har teku. Masu shigowa su ƙara wa kogi ruwa "tributaries" ne, kalmar daga haraji ta fito, kamar dagatai suna kai wa hakimi, hakimi ya kai wa sarki, masu fita su rage masa kuma "distributaries", masu rabo.

Sai "ramification", ita ma reshe ce a Latin, "ramus", amma ta bar bishiya tuntuni ta koma maganar abin da zai biyo baya, yadda mataki ɗaya yake haifar da matsaloli su ma su haifi wasu. 'Yan siyasarmu da 'yan jarida suna son cewa "in all ramifications" suna nufin ta kowace fuska, a Najeriya kowa zai gane, amma ka gaya wa yaranka a takardar jarrabawa su ajiye ta a ma'anar sakamako. Mu ma ai muna da irin wannan aron, malaman fiƙihu suna cewa asali da furu'a, gindi da rassa kenan da Larabci, kuma babu wanda ya taɓa tambaya ina ganyen.

To ƙanena, kalma ta ƙare, saura kai. Zan faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba don na ga kai mai son gyara ne, in ba haka ba da ba ka rubuto ba. Rashin sanin kalmar nan ba laifinka ba ne, an ɗauko ka daga fanninka an ɗora maka kayan wani babu horo babu littattafan kirki, kana kwana kana hadda don kar yara su zauna babu malami, wannan abin a yaba maka ne. Laifin ya fara ne daga inda ka ƙirƙiro amsa, ya girma a inda ka fitar da yaro rana don ya faɗi gaskiya. Dariyar ajin ce ta ƙona ka, amma wanda ya biya kuɗin bai yi dariya ba, tambaya ya yi. Wannan haƙƙi ne a wuyanka, kuma abin da ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙarka ba sunan da suka sa maka ba ne, layin nan ne da kace yaron ya daina ɗaga hannu. In ya tafi da wannan har ya gama makaranta an yi asara babba, kuma sauran saba'in ɗin da suka kalla su ma sun koyi cewa tambaya tana jawo nildawun.

An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48 ya amsa 32 daga ciki da ban sani ba, a Madina, mutane sun yi tafiyar watanni don su same shi. Mu da muke bin mazhabarsa bai kamata kalmar nan ta yi mana nauyi a baki ba. Da a ranar kace kai wannan tambaya ce mai kyau, ban taɓa lura ba, ku ba ni zuwa gobe, da yanzu babu wannan wasiƙar.

Abin da zan so ka yi, a darasinka na gaba ka shiga da reshen icce busasshe a hannu, ka ajiye a tebur, kafin komai ka kira yaron nan da sunansa kace ya miƙe, ka faɗa wa aji ranar nan wane ya yi tambaya na ba shi amsar da ba daidai ba kuma na hukunta shi bai yi laifi ba, shi ne da gaskiya, ka yi haƙuri. A gaban aji ka yi masa, a gaban aji za ka gyara, kar ka ja shi gefe. Kar kuma ka tsawaita, jimla uku ta isa, kana gamawa ka ɗaga reshen ka shiga darasi. Na san kana jin kamar ƙasa za ta tsage, za a ɗan yi gunaguni na minti ɗaya, wani ma zai yi dariya, ka bar shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma yara sun fi mu gane wanda ya ƙasƙantar da kansa don gaskiya da wanda aka ƙasƙantar.

Daga nan ka fitar da su waje. In an yi ruwa ku zagaya bayan azuzuwa inda ƙasa ta ɗan gangara, za ku tarar ruwan daren jiya ya zana muku taswirar da kansa, 'yan siraran layuka kamar zare suna haɗuwa su zama kamar yatsa, su haɗu su zama kamar damtse, har su faɗa kwata. In rani ne ku tara ƙasa mai ɗan yashi ku daddaɓe ta ta yi gangara, a huda gindin gwangwanin madara da ƙusa a riƙa yayyafa ruwa daga sama a hankali, bokiti biyu ya isa. Ka sa kowa ya durƙusa ya zana abin da ya gani a littafinsa, sannan ka ce su tsinko ganye su ɗaga shi saitin rana, sannan su kalli jijiyoyin bayan hannunsu. Shi kuma mai tambayar ka ba shi alli ya zana ƙwayar ƙwaƙwalwar da aka koya musu a gefen kogin da ka zana, shi zai yi wa aji bayanin abin da ya haɗa su.

Malamin bayoloji bai kyauta ba, gyara a gaban jama'a da gatse ba gyara ba ne, kuma na san irin zafin da yake yi musamman ga sabon malami. Amma kar ka kai ƙara, me za ka ce wa firinsifal, ya faɗi gaskiya da mugun baki? Za a kira ku a zauna a sake maimaita labarin daga farko, wanda bai ji ba ma ya ji. Kuma gabar nan da kake yi ta wuce kwana uku tuntuni, kai ma ka san hukuncinta. Ka same shi shi kaɗai ka yi masa sallama, kace Malam maganar ranar nan ta yi min ciwo, da ka ja ni gefe da na fi jin daɗi, amma gaskiyarka ne, kuma ina so ka ara min zanen ƙwayar jijiyar nan ko ka leƙo ajina minti goma. Mafi yawan masu irin wannan bakin in aka zo musu ta haka kunya ce take kama su. In ya ƙi, kai dai ka fita.

Wajen firinsifal kuwa akwai abin da ya kamata ka je nema, ba ƙara ba, kayan aiki: littafin jogurafi fiye da ɗaya, taswirar bango, tsofaffin takardun WAEC da NECO masu taswirar karatu, da lambar malamin nan da ya yi ritaya, don tsohon malami in ka je gaishe shi da ɗan goro ka ce koya min, sai ka gaji da ji. Taransifa kuma ka ajiye maganarta, makarantar da za a kai ka ita ma da wuya ba ta da gurbin da babu malami, kana iya zuwa a miƙa maka darasin gwamman ko adabin Turanci, kuma labari yana riga mutum isa. Sunan da suka sa maka ma kar ka bi ta kansa, babu malamin da ba shi da suna a bakin ɗalibai, wanda aka ga yana jin haushi shi ne nasa yake daɗewa.

Haddar dare kuma ka ɗan canza mata salo. Duk babbar kalmar da za ka rubuta a allo gobe, ka buɗe ƙamus a wayarka ka gangara ƙasa inda ake faɗin asalinta, minti biyar ne, sannan ka tambayi kanka da me ta yi kama a garin nan, in ba ka samo mata misali a tsakanin gidanku da makaranta ba to ba ka gama shiri ba. Gaba kaɗan a silabus ɗinku za ka haɗu da "meander" da "ox-bow", ta farkon sunan wani kogi ne mai yawan lanƙwasa a ƙasar Turkiyya ta yau, ta biyun kuma lanƙwasasshen iccen da ake sa wa sa a wuyansa in za a ɗaura masa garma, yaranka 'yan ƙauye sun fi marubucin littafin saninsa.

In ka yi darasin ka sake rubuto min, ina so in ji abin da yaron ya zana a allo, da kuma ko ya ɗaga hannu a satin da ya biyo baya. Allah Ya dafa maka.